Ragon Suna da Matakala Biyar

Tun da na dawo, duk inda na zauna sai an ce in ba da labari. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a gindin bedi wurin shan hura a tambaye ni. Na faɗa har bakina ya gaji, kuma kowa ya ji sai ya ƙara nasa. Shekaranjiya na ji wani yana rantsuwa wai maraƙi na ɗauko a kan moto, wato babur. Da na yi wa mushenmu, wato malaminmu na ajin karatun manya, ƙorafi, sai ya ce, "Malam Iliya, tun da hannunka ya saba da bik, rubuta shi sau ɗaya ka huta." Na yi sati uku ina rubutu ina gogewa. Ga abin da ya faru, ba daɗi ba ragi.

Ƴata ta fari, wadda ba na kama sunanta, ta shekara goma sha ɗaya a ɗakin miji ba ta samu haihuwa ba. Wata Talata a ƙarshen damina Allah ya sauke ta lafiya, aka samu namiji. Yayana Mamman ya daɗe da zama a wani gari na ƙetaren iyaka, kudu da Gazawa. Tun mahaifiyarmu tana da rai ya yi alkawari a gabanta cewa ranar da yarinyar nan ta haihu, ragon suna nasa ne. Da labari ya kai masa, ya buga wa surukina waya ya ce kada ya nemi rago. Surukina ya bi maganar babba, bai nema ba. Shi kuwa Yaya gwiwoyinsa ba sa barinsa doguwar tafiya. Aiki ya faɗo kaina: in je in zo da ragon kafin hantsin Talata. Kun san kuma ragon suna kamar na layya ne, gurgu ba ya yi. Dole ya taka gidan suna da ƙafafunsa huɗu lafiya, don babu wani a bayansa.

Na bar ƙauyenmu na yankin Gidan Sori ranar Asabar da safe, a kan motona da na shekara tara ina hawa. Na sha bin hanyar nan, amma wannan ne karo na farko da na bi ta ina iya karatu. Duk allon da na gani a bakin gudro, wato kwalta, sai na rage gudu. A mashigar Cadawa na tsaya sosai, na kashe moto, ina haɗa baƙaƙe. Na ƙidaya guda takwas, alhali a ajinmu shida ke rubuta sunan garin. Na tambayi wata mai sayar da dafaffen ƙwai ko nan ne Cadawa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba, in ba nan ba ne, to ni ma na ɓata tun haihuwa." Daga baya mushe ya gaya mini rubutun Faransanci ne, su suna son tara baƙaƙe.

Da la'asar na shiga Gazawa. Mai masaukina Isuhu ne, ɗan Gwaggo Hawa ta Tibiri, wato taubashina, wanda ba ma haɗuwa sai an yi ba'a. Kafin in isa gidansa na tsaya a bakin tasha baki buɗe. Mu a ƙauye in mutum ya ɗora buhu ɗaya da matarsa sai a ce ya yi lodi. A nan na ga moto ɗauke da jarkoki har ba a ganin mai tuƙi sai hularsa. Na ga wani da buhunan wake uku, wani da ƙofar ƙarfe a tsaye. Abin da ya fi ɗaure mini kai, motocin nasu ba su durƙusa ba, tafiya suke a miƙe kamar ba kaya.

Isuhu ya zagaya motona sau biyu yana riƙe da haɓa.

"Wannan jakin ne zai ɗauko ragon Mamman? Ka ga ragon kuwa?"

"Rago ai rago ne," na ce.

"To shawara ɗaya. Ka bar moton nan wurina, ka hau ragon ka dawo. Za ka riga isa."

"Bawana, kawo ruwa in sha, ka bar surutu."

Matarsa ta yi mana tuwon gero miyar kuka, da kwaɗon zogale mai ƙuli da yawa. Na kwana a shagonsa tsakanin buhuna.

Ranar Lahadi na bi hanyar jar ƙasa zuwa iyaka. Ni da na zaci zan ga katanga, sai na tarar da igiya da tsummoki a jiki, da rumfa, da ganga biyu. Na nuna takardata, aka sassauta igiya na wuce. Gero iri ɗaya ne a gonakin dama da hagu, mutane iri ɗaya, sallama iri ɗaya. Amma ba ka yi nisa ba motonka ya koma mashin, kai kuma ka koma oga. Na tsaya wurin mai shayi na ce a ba ni ɗaya. Mu shayinmu ɗan kofi ne, baƙi, mai ɗaci, a kurɓa sau uku a tashi. Shi sai ya miƙo mini wani moɗa cike da madara, da burodi mai laushi kamar katifa, zaƙi kamar na biki. Na sha na ƙoshi har azahar ban nemi komai ba.

Na tarar da Yaya Mamman zaune a kan kujera, ƙafafu a miƙe. Muka gaisa, muka yi wa juna barka, ya share ido da bakin rigarsa. Sai ya ce a fito da shi.

Jama'a, na ga raguna a kasuwar Cadakori, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Fari tas, kunnuwa dogaye, hanci a lanƙwashe, bayansa ya kai mini ƙugu. Da ya tako sai na ji takun a ƙasa. Yaya ya ce tun ragon yana ɗan ƙarami ya saye shi hannun wani makiyayi daga wajenmu, shekara uku yana ba shi dusa da harawa da hannunsa. Kafin shi ya yi kiwon wasu biyu, suna tsufa yana sakewa, yana jira.

"Kowa ya ce in daina," in ji shi. "Na ce ai ban yi alkawarin da ranar ƙarewa ba."

Da asubar Litinin muka yi lodi. Aka shimfiɗa buhuna a kan ƙarfen baya, maza uku suka ɗaga ragon, aka haɗa ƙafafunsa aka ɗaure. Matar Yaya ta fito da rabin buhun shinkafa, gudunmawar maijego, aka cusa shi ta baya. Da na hau, sai na ji moton ya durƙusa, fitilar gaba tana kallon sama. Na ce bismillah na ja.

Ramin farko da na faɗa na ji ƙwam! har cikin haƙorana, ragon ya yi wani kuka. Na biyu ma haka. Taya tana gogar rufinta, ƙauri yana tashi. Ban kai ƙarshen gari ba na san in na ci gaba a haka, ko moto ya karye ko rago.

A bakin hanya na ga rumfar wani bakanike, dattijo siriri mai farin gemu, ana ce masa Malam Lawal. Tun kafin in kashe moto ya ce, "Shakazobarka ta zauna."

"Mi?"

"Shakazoba." Ya nuna ƙarafan nan biyu masu murɗaɗɗiyar waya da ke riƙe da tayar baya, ɗaya dama ɗaya hagu.

"Au, amortisar."

"Amarti wa? Kai mutanen Faransa, komai sai kun sa masa sunan amarya."

Na ce masa in sabo za a saka, ni ba ni da lokacin nema. Ya ce wa ya yi maganar sabo? Ya sa muka sauke rago da shinkafa, ya kafa moton a ƙafa biyu. Ya jiƙa tsumma da mai, ya tsuguna yana goge gindin ƙarfen, inda laka ta shekara da shekaru ta daskare. A hankali wani zobe ya bayyana, bakinsa a yanke hawa-hawa.

"Zo ka ƙirga," ya ce.

Na tsuguna na bi da yatsa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Matakala ce sosai, ƴar ƙarama, kamar ta hawa soro.

"Kana kan na ɗaya. Nan wurin mutum ɗaya ne mara nauyi, mai zuwa gaishe da surukai. Shekara nawa kana hawan mashin ɗin nan?"

"Tara."

"Ka ɗauki hatsi da shi?"

"Kowace kaka."

"Allah sarki. Ya yi haƙuri da kai."

Na sake duban zoben. Shekara tara ina wanke moton nan, ina kwana da shi a zaure, na san kukansa in yana son mai, amma ban san akwai matakala a jikinsa ba. Wani mutum a wata ƙasa da ban san sunanta ba ya zauna ya yi tunanin wata rana wani zai ɗauki kaya mai nauyi, ya yanka masa wurin takawa, ya bar shi nan yana jira. Irin abin da na ji ke nan ranar da na fara gane cewa zanen da ke jikin buhun taki magana ce.

Malam Lawal ya ɗauko wata ƴar ƙugiyar ƙarfe, ya maƙala a zoben ya murɗa. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya koma ɗaya gefen ya yi haka. Sannan ya zaro kara daga danga, ya sauke moton a kan tayoyinsa, ya tsayar da karan a ƙasa jikin ƙarfen baya, ya yi masa tsaga da wuƙa. Ya auna yatsa uku ƙasa da nan ya sake tsagawa.

"Ta sama tsayinsa ne ba kaya. In ka yi lodi ka hau, sai ya nutse, dole ne, don nutsewar ce ke shanye rami. Amma kada ya wuce ta ƙasa. Ka gane, ba ƙarfi na ƙara masa ba. Ɗaga shi na yi, don ya samu wurin sauka."

Ya maida shinkafar gaba, kan tanki, ya ce mai nauyi kusa da mai tuƙi yake zama. Ya ƙara wa tayar baya iska. Muka maida rago, na hau, ya kara karan. Daidai tsagar ƙasa.

"Yanzu kana kan na huɗu. Saura ɗaya. Dama da hagu kullum su zama ɗaya, ko da wasa kada ka raba su. Kuma bayan biyar babu shida, sai dai a rage kaya."

Na fiddo ɗan littafina na rubuta, yana tsaye yana jira ba gaggawa, har ya ce in karanta masa ya ji ko na rubuta daidai. Da zan tafi ya miƙo mini ƙugiyar da karan. "Ga tawa gudunmawar. Ita ba ta da nauyi."

Da na hau hanya sai na ji kamar an canza mini moto. Ramin da ɗazu zai ce ƙwam, yanzu sai moton ya sunkuya ya miƙe shiru. Na riƙa waiwayen ragon, shi kuwa har tuƙa yake yi.

A iyaka wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya fito daga rumfa, ya dubi ragon, ya kira abokinsa.

"Zo ka ga abin mamaki. Kowa kudu yake kai tumaki, wannan ya yo arewa da nasa. Malam, laifi ya yi can aka koro shi?"

Na ce ɗan ƙasa ne, ci-rani ya je, yanzu ya dawo gida. Suka yi dariya, suka duba takarduna, suka ce in gaishe da maijego.

Na iso Gazawa rana tsaka. Isuhu ya ga moton a miƙe, ya leƙa ƙasa ya ce, "Au, sai da ka ƙetare iyaka aka nuna maka? Nan ko akuya ta san wannan."

"Ka sani ka bar ni na tafi?"

"Ka tambaye ni? Cewa ka yi in kawo ruwa in bar surutu."

Muka sauke rago ya sha ruwa ya miƙe ƙafa, mu muka sha hura. Muna maida shi sai ga matar Isuhu da jarkar man gyaɗa, da dunƙulen kanwa don kunun maijego, da ƙullin yaji. A nan ne al'adarmu ta fara yi mini nauyi. Kun san kayan barka ba a cewa sun yi yawa. Wanda ya ba ka, ba kai ya ba, maijego ya ba, kai ɗan aike ne. In ka ce ba wuri, ka ce masa shi ba dangi ba ne. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya.

Na hau, Isuhu ya kara karan. Mun wuce tsaga. Muka kafa moton, shi yana riƙe da rago, ni na tsuguna da ƙugiya. Na murɗa na dama, ƙas, ya hau na biyar. Na zagayo hagu na maƙala, na fara murɗawa, zoben yana tsakanin hawa da hawa, sai na ji sallama a kaina. Limamin unguwarsu ne, tsoho tukuf, ya ji labarin haihuwa ya zo barka, ya riga ya miƙo hannu. Ƙugiya tana hannuna na dama. Ba a miƙa wa dattijo hagu, ba a kuma barin hannunsa a iska. Na saki. Na ji ƙas, na ce a raina ya shiga.

Muka gaisa. Ya tambayi gida, ya tambayi maijego, ya tambayi damina, ya tambayi Mamman da gwiwoyinsa, ya ja doguwar addu'a muka shafa. Da na miƙe zuciyata ta yi sanyi, na jefa ƙugiya aljihu, ban sake leƙawa ba.

Tun da na bar gari na ji bayan moton yana rawa, amma na ɗora laifin a kan jarka. Kusa da Agye gudro ya lalace, aka ratse ta gefe, hanya duk tudu da kwari. Ina cikin lallaɓawa na ji ihu.

"Kai kaɗo! Tsaya! Tsaya, ƙafa!"

Wani dattijon Bafillace ne da ke kiwon tumaki a bakin hanya, ya yar da sandarsa yana gudu yana nuna bayana. Na taka burki na waiga. Kayan duka sun zame hagu. Ƙafar ragon ta baya ta suɓuce daga ɗauri tana lilo, sarƙar moto tana gogarta.

Muka sauke shi tare. Fata ta saluɓe wajen tsawon yatsa, wurin ya fara kumbura. Ragon ya miƙe, amma ƙafar a ɗage, ya ƙi taka ta. Na zauna a ƙasa. Abin da nake gani kawai shi ne mutane zaune a kan tabarmi gobe da safe, da surukina, da yarinyar nan a ɗaki tana sauraron waje.

Dattijon ya matso. Ya durƙusa ya rungumi wuyan ragon yana yi masa magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, har ya daina shure-shure. Ya bi ƙafar da yatsu tun daga cinya har kofato, a hankali, ido a rufe, ya lanƙwasa ya miƙar, ya kara kunne.

"Ƙashi bai karye ba," ya ce. "Amma ban ce maka zai taka gobe ba. Wannan sai Allah."

Ya ciro ɗan ƙoƙon man shanu daga jakarsa ya shafa masa. Sannan ya dubi igiyoyina ya girgiza kai. "Wa ya ɗaure? Kun ɗaure shi kamar itace. Njawdiri ba a haɗa masa ƙafa huɗu." Ya ce njawdiri shi ne rago a bakinsu. Ya nuna mini yadda ake naɗe masa ƙafafu a ƙarƙashin ƙirji, kamar yadda yake kwanciya da kansa a garke, igiya ta bi ta kafaɗa da ƙugu.

Kafin mu ɗora shi na leƙa zoben hagu. Yana kan na biyu. Ashe ƙas ɗin da na ji ba hawa ba ne, gangarowa ce. Dama na biyar, hagu na biyu, duk ramin da na faɗa gefe ɗaya ke durƙusawa, kaya suna bin gangare. Na gyara, na ƙirga da yatsa sau biyu kowane gefe. Da zan tafi dattijon ya tura mini ƙoƙon man. "Rabi na rago, rabi na maijego." Shi ma sai da ya ƙara mini kaya.

Daga nan tafiyar hawainiya na yi. Duk inda na ga inuwa sai in tsaya in nemi mai taya ni saukewa, ragon ya huta, in shafa masa mai. Na wuce Cadawa, na ratsa Maraɗi ta gefe, na shiga Tibiri rana tana shirin faɗuwa. Ba a bin hanyarmu da moto bayan magariba, don haka na sauka gidan Gwaggo Hawa, ƙanwar mahaifinmu, tsohon gida mai zaure biyu. Aka sauke rago. Yana ɗan dangwala ƙafar ya ɗage.

Gwaggo ta dube shi ta ce Allah shi sawwaƙe, sannan ta sa aka mirgino wata tukunyar ƙarfe daga ɗakinta, wadda mutum zai iya zama a ciki.

"Wagga tukunya da ita anka dafa ma uwarku ruwan wanka ran da ta haife ka. Ita za a aza ma ɗiyarka. Gobe ka tafi da ita, ina so ta riga ta dangin miji isa."

Na dubi tukunya, na dubi moto. Ina kan na biyar. Na tsuguna a gabanta, na cire hula.

"Gwaggo, ki gafarce ni. Ba ta ɗaukuwa."

Matan da ke tankaɗe suka tsaya.

"Mi ka ce? Shinkafar matar Mamman ta samu wuri, man matar Isuhu ya samu wuri, tawa ce ba ta da wuri? Tun da nike ban taɓa ganin wanda ya maido kayan barka ba."

"Ba maidowa ni kai ba, Gwaggo. Taho ki gani da idonki."

Ban zaci za ta taso ba, amma ta taso, tana dafa bango. Na nuna mata karan da tsagoginsa biyu. Na gaya mata abin da ya sami ƙafar ragon, da abin da zai same ta in moto ya sake durƙusawa a hanyarmu mai kwazazzabai. Na kama yatsanta na ɗora a kan zoben. Ta bi shi tana ƙirgawa a fili.

"Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Biyar." Ta lalubi gaba. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

Ta daɗe a tsugune. Can ta ce, "Wanda ya ƙera abin ga ba shi da dangi."

Matan suka fashe da dariya, ita ba ta yi ba. Ta miƙe ta ce a kwance komai, shinkafa, mai, kanwa, duka. Ta aika gidan maƙwabcinta mai amalanke ya shirya shanunsa da asuba, ita da kanta za ta raka kayan. "Tukunyata bisa, nasu ƙasa. Kai kuma ka ɗauki ragon Mamman shi kaɗai, ka tafi da shi kamar ƙwai."

Bayan sallar asuba na ɗora rago irin ɗaurin Bafillace. Na hau, aka kara mini kara, sai na ga moton bai ko kusa da tsagar ƙasa ba, ya tsaya ƙiƙam kamar kututture. Na gane in na bar shi a na biyar ba kayan, duk tsalle a jikin ragon zai ƙare. Na sauko da shi hawa ɗaya, dama da hagu, na ƙirga. Wani ya yi mini sallama ina cikin yi, na ce ya yi mini haƙuri in gama.

Rana ta ɗan ɗaga na shiga ƙauyenmu. Maza sun cika ƙofar gidan surukina a kan tabarmi, an fito da goro, wanzami yana gefe. Surukina yana tsaye a bakin hanya, da gani ya daɗe a wurin. Aka taru aka sauke ragon, na kwance igiya.

Ya ƙi tashi.

Yana kwance yadda muka ajiye shi, yana numfashi, yana kallonmu. Masu cewa tubarkalla suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Liman ya taso ya zo ya duba saluɓar. Ta tsakanin zana na hango idon ƴata. Na durƙusa na riƙe wuyan ragon kamar yadda na ga dattijon nan ya yi. Ba na jin Fillanci, da Hausa na roƙe shi.

Ya ɗaga baya. Ya kafa gwiwoyin gaba. Ya miƙe a kan uku, ta huɗun tana rawa a sama. Ya girgiza jiki, kunnuwan nan suka yi fat-fat. Sai ya sauke ta a ƙasa.

"A ja shi ya je gindin bedi ya dawo," in ji liman.

Surukina ya kama igiya. Taku na farko ya ɗan dangwala, na biyu ya taka, na uku ya fizge igiyar ya nufi kwandon harawar da ke jikin danga, surukina yana binsa da gudu. Liman ya bi shi da ido har can, ya juyo.

"Fata ce kawai. Ba shi da aibi. A kawo wuƙa."

Guɗa ta tashi daga cikin gida. Ni kuwa na zauna a kan tabarma na fiddo waya na kira Yaya Mamman. Na ɗaga wayar sama ya ji kabbara, ya ji addu'a, ya ji an faɗi suna, Abdurrahamani. Da na maida ta kunne ba na jin komai sai numfashinsa. Can ya gyara murya.

"Iliya. Jansa aka yi, ko ɗaukarsa?"

"Da ƙafarsa ya je, Yaya."

"Duka huɗun?"

"Duka huɗun."